Kwamfutocin gwamnati ba sa jin yaren juna, talaka ne tafintansu

Rubutun nan yana da ɗan tsawo, a yi mini haƙuri. Amma duk wanda aka taɓa ce masa "bayananka ba su yi daidai ba" a banki, ko wajen rajistar layin waya, ko wajen tantance ma'aikata, ko wajen neman fansho, to maganarsa ce zan yi.

Tun watan Disambar 2020 da aka ce kowa ya haɗa layinsa da lambar NIN, ba mu huta ba. A 2021 JAMB ta ce babu rajistar jarrabawa sai da NIN. A ƙarshen 2023 Babban Banki ya ce asusun ajiya sai an haɗa shi da BVN ko NIN. A watan Mayun 2024 aka buɗe shafin bashin karatu na NELFUND, shi ma ɗalibi sai ya kawo NIN da BVN da lambar JAMB, kuma sai makarantarsa ta riga ta tura sunansa. A ƙarshen Yulin 2024 mun ga yadda mutane suka cika ofisoshin kamfanonin waya saboda an rufe musu layi, har hukumar NCC ta ce a buɗe. Kowane ɗaya daga cikin matakan nan akwai dalilinsa mai kyau. Amma kowanne ya bar mutane a baya, mutanen da lambobin nan duk suna da su. Abin da ya hana su wucewa kawai shi ne wannan kwamfuta ta ce Muhammad, waccan ta ce Mohammed.

Ana yawan ɗora wa netwok laifi. Ni dai a ganina netwok bai kai rabin matsalar ba. Asalin abin tsohuwar matsala ce da masu rubuta manhaja suka daɗe da sani, suka kuma samo maganinta kusan shekara talatin da suka wuce: idan manhaja biyu za su yi magana, a rubuta ƙa'idar maganar sau ɗaya a wuri ɗaya, a bar inji ya yi kwafi. Mu kuwa har yau mutum muka bar wa kwafin, da hannu. Bari in warware, domin idan aka gane yadda su suka yi, za a gane abin da ya kamata mu nema.

Ita manhaja da yare ake rubuta ta, kuma yarukan suna da yawa. Fortran ya fito a 1957 daga kamfanin IBM, don lissafin kimiyya. COBOL a 1959, don harkar banki da albashi. C a 1972, Python a 1991, Java a 1995. Kuma sabo idan ya zo, tsoho ba ya mutuwa. A watan Afrilun 2020, lokacin korona, gwamnan jihar New Jersey ta Amurka sai da ya fito yana cigiyar waɗanda suka iya COBOL, saboda manhajar biyan marasa aikin yi ta jiharsa da shi aka rubuta ta tun da daɗewa. Yaron da ke koyon nazarin alƙaluma da Python a CoLab nan Barnawa, idan ya ba kwamfuta babban lissafi, a ƙarƙashin ƙasa tsofaffin ayyukan da aka rubuta da C da Fortran ne ke ɗaukar nauyin, irin su LAPACK da ya fito a 1992. Ba wanda zai zauna ya sake rubuta abin da aka shekara talatin ana gwadawa ana gyarawa. Kira kawai ake yi: yaren nan ya kira aikin da aka rubuta da wancan.

To mene ne "aiki" a cikin manhaja? Ka ɗauke shi kamar ɗan aike. Yana da suna, ka kira shi, ka miƙa masa wasu abubuwa, ya je ya dawo maka da amsa. Amma kafin ka kira shi dole a samu rubutaccen bayani a kansa: sunansa kaza, abu nawa yake karɓa, wanne ne farko wanne ne na biyu, kowanne wane iri ne, lamba ce ko rubutu, kuma me zai dawo da shi. Wannan bayanin kira shi ne komai.

Misalin da kowane ma'aikaci zai gane: a ce akwai aikin da ke fitar da albashi. Ka ba shi lebul, ka ba shi sitef, ya faɗa maka kuɗin. Wanda ya rubuta aikin ya tsara lebul ne farko. Wanda ya rubuta bayanin kira a ɗaya yaren ya juya, ya sa sitef a farko. Mutumin da ke lebul 8 sitef 3 ya koma lebul 3 sitef 8. Kwamfuta ba za ta yi ƙorafi ba, ai duk lambobi ne. Za ta yi lissafinta tsaf, alat ya shigo, mai iyali ya riƙe kai.

Kuma yarukan nan kowanne da al'adarsa. C daga sifili yake fara ƙirga, Fortran daga ɗaya. Idan aka ba su jadawali su ajiye, C layi-layi yake jerawa, Fortran kuma daga sama zuwa ƙasa, ginshiƙi bayan ginshiƙi. C idan ya rubuta suna sai ya sa wata alama a ƙarshe mai nuna nan ya tsaya, Fortran kuwa tsawon sunan yake riƙewa a gefe. A al'ada C kwafin abu yake miƙa maka, Fortran kuma wurin da abin yake ajiye yake nuna maka. Ɗaya ya ba ka fotokwafi ke nan, ɗaya ya ba ka makullin sito. Idan mai karɓa bai san wanne aka miƙo masa ba, ɓarna ta samu.

Yaya aka yi suke fahimtar juna? Mu mazauna ƙetaren kogi ba sai an yi mana dogon bayani ba. Ka shiga Kasuwar Monday a Kakuri ko kasuwar Sabon Tasha. Ga Bajju, ga Atyap, ga Gbagyi, ga Ham, ga Tibi, ga Ibo, ga Bayarabe, ga Bafulatani. Ba wanda ya iya yaren kowa da kowa, amma ciniki bai taɓa tsayawa ba, saboda akwai Hausa a tsakiya. Ka yi lissafi: yare goma, idan kowane biyu sai an nemo musu tafinta nasu, tafinta 45 ake buƙata. Idan kuwa kowa ya koyi yare ɗaya na tsakiya, goma sun isa. A duniyar kwamfuta C shi ne Hausar kasuwa. Kusan kowane yare an yi masa hanyar kiran aiki irin yadda C ke kira. Shi kansa Fortran, a ƙa'idarsa ta 2003 an shigar da hanyar yin magana da C a hukumance.

Sai dai samun yaren tsakiya bai gama aikin ba. Babbar manhaja tana iya ƙunsar ayyuka ɗaruruwa ko dubbai, kuma kowanne sai an rubuta masa bayanin kira a ɗaya yaren. Da can da hannu ake yi. Aiki ne mai gundura, irin wanda ido ke gajiya a kai. Mafi muni, ranar da mai asalin aikin ya ƙara abu ɗaya a cikin abin da aikin ke karɓa, kwafin da ke can gefe bai sani ba, yana nan a kan tsohon zance.

A tsakiyar shekarun 1990 wani mai suna David Beazley, yana aiki da masana kimiyya a cibiyar bincike ta Los Alamos a Amurka, ya rubuta manhajar SWIG. Aikinta ta karanta bayanin da ke cikin asalin rubutun C, ta fitar da duk abin da Python ko Perl ko Java ke buƙata don su yi kira. A 1999 Pearu Peterson, ɗan ƙasar Estoniya, ya fara f2py, mai yin irin wannan tsakanin Fortran da Python. A 2008 Google ya saki Protocol Buffers ga kowa: ka rubuta siffar saƙo sau ɗaya a fayil guda, inji ya fitar maka da abin karantawa da rubutawa a yaruka da yawa. Hikimar duk ɗaya ce. Asali guda ne. Idan asali ya canza, a sake kunna injin, kwafi duk su canza tare. Hannun mutum ba ya shiga tsakani.

To yanzu mu dawo gida mu dubi ofisoshinmu.

Na yi shekaru ina ganin yadda abin ke gudana, kuma duk wanda ya zauna kusa da sashen albashi ko na ma'aikata zai shaida. Manhajar bayanan ma'aikata wani ɗan kwangila ne ya kawo ta. Ta albashi wani daban, a zamanin wani oga daban. Ta banki kuma tasu ce. Ba wadda aka yi don ta kira 'yar uwarta. To me ke haɗa su? Fayil ɗin Excel, da filas, da WhatsApp, da wani bawan Allah akawu da zai zauna har bayan magariba yana duba wannan allo yana bugawa a wancan. Aikin da SWIG ke gamawa kafin ka kurɓi shayi, shi muka ɗora wa ɗan Adam mai ciwon baya da tunanin kuɗin makaranta.

Ga irin abin da ke faruwa a wannan tsakanin. Lambar asusun banki a ƙasar nan goma ce, kuma da yawa da sifili suke farawa. Excel idan ya ɗauki abu a matsayin lamba, sifilin farko zubar da shi yake yi, don a lissafi ba shi da amfani. Lamba goma ta koma tara, banki ya dawo da kuɗin, ma'aikaci ya ji shiru. Haka lambar waya. Da akwai bayani rubutacce da ya ce lambar asusu rubutu ce mai gurbi goma, kuma inji ne ke dubawa, da tun a bakin ƙofa za a tare ta.

Ga ranar haihuwa. 03/04/1966 a wurinmu 3 ga Afrilu ne. Kwamfutar da aka saita a tsarin Amurka 4 ga Maris za ta karanta. A aikin gwamnati da ake ritaya a shekara 60 ko bayan shekara 35 ana aiki, wannan bambancin yana taɓa ranar ajiye aiki da lissafin haƙƙi, kuma ya isa a ce fayil ɗinka da NIN ɗinka sun saɓa.

Ga sunaye, inda abin ya fi cin mu. Tsohon tsarin haruffan kwamfuta na ASCII, na 1963, gurbi 128 kawai gare shi, babu ɓ, babu ɗ, babu ƙ, babu ƴ. Tsarin Unicode da ya fito a 1991 ya ba su gurbi, shi ya sa nake iya rubuta su a nan. Amma idan sabuwar manhaja ta miƙa wa tsohuwa sunan Ɗanladi, ƙila alamar tambaya ce za ta fito a madadin harafin farko. Sa'adatu kuwa, wannan fom ya karɓi alamar da ke tsakiya, wancan ya ƙi ta sai a rubuta Saadatu, wani kuma a bar fili. Mace ɗaya ta zama mata uku. Sannan fom ya ce "sunan dangi", alhali da yawanmu sunanmu ne da na mahaifi da na gari. Akawun nan ya sa sunan mahaifi a gurbin, na can ya sa sunan gari. Ba wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Tambayar ce ba a taɓa zama an yanke ma'anarta ba.

Wa ke biyan kuɗin wannan duka? Na sha ganin dattijo ya taso tun safe daga Gonin Gora ko Unguwar Romi, ya hau keke ya hau bas, ya ƙetare gada zuwa cikin gari, da fayil a cikin leda don kar ruwa ya taɓa. Ya bi layi, ya kai gaba, yaron da ke kan kwamfuta ya duba ya ce, "Baba, yi haƙuri, ba daga nan ba ne. Sunanka na tsakiya ne bai fito ba. Sai ka koma can su gyara tukuna." Shi kuma ya ce, "Ɗana, ai daga can aka turo ni nan." Yaron ba mugu ba ne, allonsa iyakar abin da ya nuna masa ke nan. Daga nan sai kotu a yi takardar rantsuwa, wani lokaci har da sanarwa a jarida, sai kuɗin gyara, sai fotokwafi, sai a dawo mako mai zuwa. Mutumin da ya yi wa gwamnati aiki shekara 35, shi ne yanzu ke ɗaukar saƙo daga wannan kwamfutar gwamnati zuwa waccan kwamfutar gwamnati da ƙafarsa. A zamanin Turawa tafinta albashi ake ba shi, har tsoronsa ake ji. Tafintan yau shi ke biya daga aljihunsa.

Kada wani ya ce ai mu baƙar fata ne shi ya sa. A watan Satumbar 1999 hukumar NASA ta Amurka ta yi asarar kumbon da ta aika duniyar Mars, saboda manhajar kamfanin da ya ƙera shi tana ba da alƙaluma a ma'aunin fam, ita kuma ta masu tuƙin kumbon tana ɗaukarsu a ma'aunin mita da kilo. Lamba ta wuce lafiya, ma'anarta ce ba ta wuce ba. A Ingila, a watan Oktobar 2020, mutum 15,841 da gwaji ya nuna suna da korona suka ɓace daga lissafi na kwanaki, saboda an zuba sakamakon a tsohon nau'in fayil ɗin Excel da ba ya wuce layi 65,536. Abin da ya wuce nan sai ya zube ba tare da sanarwa ba. Bambancinmu da su, can an bincika, an faɗi inda bangon ya tsage, an toshe. Nan kuwa sai a ce wa mutum ya je ya dawo.

Labarin kumbon nan yana da darasi na biyu, kuma dole in faɗe shi don kar a ɗauka inji zai yi komai. Inji yana kwafe siffa, ba ya sanin nufi. SWIG zai gaya maka wannan gurbin lamba ce, amma ba zai gaya maka naira ce ko kwabo ba. Masu haɗa manhaja da Paystack sun san wannan: a kwabo yake karɓar kuɗi, idan ka tura 5000 naira 50 ka ce. Kamar mudu ne. Kowa ya ce mudu, amma matan da ke sayen hatsi sun san na wannan kasuwa da na waccan ba lallai su zo ɗaya ba. Don haka kafin a kunna kowane inji, sai mutane sun zauna sun yanke: sunan mutum gurbi nawa ne, wanne ne farko, rana yaya ake rubuta ta, kuɗi a wane ma'auni, kuma idan rumbu biyu suka saɓa, na wa ne asali. Wannan zaman ba na masu kwamfuta kaɗai ba ne. Aikin daraktoci ne da manyan sakatarori da 'yan majalisa.

Mun ma ga abin da rashin wannan zaman ke jawowa. Cikin abubuwan da ASUU ta yi ta faɗa a kan IPPIS akwai cewa tsarin bai yi tanadin yanayin aikin jami'a ba, kamar malamin da ya tafi hutun bincike ko mai koyarwa na ziyara a wata jami'ar. Ko da wane ɓangare mutum yake goyon baya, rigimar tana cikin abin da ya rufe jami'o'i wata takwas a 2022, kafin a watan Disambar 2023 gwamnatin tarayya ta amince a fitar da manyan makarantu daga tsarin. 'Ya'yanmu ne suka zauna a gida.

Ba wai babu takarda ba. Dokar da ta kafa NIMC tun 2007 take. A 2019 hukumar NITDA ta fitar da kundin yadda manhajojin gwamnati za su riƙa musayar bayanai. Jiharmu ma ta yi abin a yaba: tun 2015 ta koma asusun bai ɗaya, ta kafa KADGIS don filaye, ta gyara hukumar haraji ta KADIRS, ta kuma yi rajistar mazauna jiha da aka jingina da NIN. Tubalin yana ƙasa. Abin da nake kira a kai shi ne simintin da zai riƙe su, har ya kai ga teburin ƙaramin akawu.

Ƙasar Estoniya, mai mutum kamar miliyan 1.3, tun 2001 take amfani da tsarin X-Road. Ba su tara komai a rumbu ɗaya ba. Kowace hukuma tana riƙe da nata, amma duk ta ƙofa iri ɗaya suke magana, kuma ƙa'idarsu ita ce abin da ɗan ƙasa ya ba gwamnati sau ɗaya, kar wata hukuma ta sake tambayarsa, ta je ta tambayi mai riƙe da shi. Na san za a ce ai su 'yan kaɗan ne. Haka ne, jihar Kaduna kaɗai ta haura miliyan 6 tun ƙidayar 2006. Amma ai wannan hujja ce a kanmu. Mai mutum kaɗan shi ne zai iya jure kwafi da hannu. Mai miliyoyi ba shi da wannan gatan.

To me ya hana? Abu uku nake gani. Ɗan kwangila ya fi son manhajarsa ta zama ɗaki mai ƙofa ɗaya, makulli a aljihunsa, don duk gyara sai an neme shi an sake biya. Hukumomi kuma kowace tana kallon bayanan da ke hannunta kamar gonar gado. Na uku, wanda ba a son faɗa: sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Wurin da mutum ke kwafe suna da hannu, nan ne sunan da babu mai shi ke shiga jerin albashi, nan ne kuma ake ce wa mai haƙƙi ya kawo na goro a duba masa. Yawancin ma'aikata mutanen kirki ne masu aiki cikin wahala, amma 'yan kaɗan da ke cin moriyar tsagar ba za su so a toshe ta ba.

Akwai kuma haɗari, kar mu rufe ido. Idan rumbuna suka haɗu, wanda ya samu ƙofa ɗaya yana iya leƙa ɗakuna da yawa. A 2024 ƙungiyar Paradigm Initiative ta fito ta ce ta gano shafukan intanet da ke sayar da bayanan 'yan Najeriya a kan naira 100, NIMC kuma ta ce ba a kutsa rumbunta ba. Ko ma dai yaya ne, tsoron mutane yana da tushe. Muna da dokar kare bayanai ta 2023. Kuma a nan ma rubutaccen bayanin kira taimako yake yi, don a cikinsa ake iyakance abin da kowa zai iya tambaya. Ofishin fansho yana buƙatar ya san ko sunan nan da ranar haihuwar nan sun dace da lambar nan, a ce masa e ko a'a. Ba ya buƙatar adireshin mutum da hotonsa da lambar matarsa. Kuma kira ta ƙofa yana barin sawu: wa ya tambaya, yaushe, a kan wa. A Estoniya ɗan ƙasa yana iya shiga ya ga hukumar da ta duba bayanansa. Filas da ke yawo a aljihu kuwa ba ya barin sawun komai.

Ga abin da nake ganin ya kamata mu riƙa nema, mu ma'aikata da ƙungiyoyinmu da 'yan majalisarmu.

Na farko, duk kwangilar manhaja da gwamnati za ta bayar, a sa a cikin sharaɗi cewa sai an miƙa cikakken bayanin ƙofofinta, abin da suke kira API, a rubuce a siffar da inji ke karantawa, kuma mallakar gwamnati ne. Babu wannan, babu biyan ƙarshe. Tun ran gini ake zane.

Na biyu, a samu kundi ɗaya na jiha da ya fayyace yadda ake rubuta suna, rana, lambar waya, lambar asusu, lebul da sitef, sunayen ƙananan hukumomi 23 da gundumominsu. A buga shi kowa ya gani. Daga shi inji zai riƙa fitar da fom da abin dubawa na kowace manhaja.

Na uku, kowace manhaja ta karɓi haruffanmu da alamominmu yadda suke, na Hausa da na sauran harsunan jihar nan. A gwada ta da sunayen mutanenmu kafin a karɓa, ba da John Smith ba.

Na huɗu, gyara ya zama sau ɗaya. Idan mutum ya gyara a asali, sauran su ɗauka da kansu. Kuma idan aka samu saɓani tsakanin rumbun gwamnati biyu, kar a tsayar da albashi ko fanshon mutum kafin a sanar da shi a ba shi lokaci. Kuskuren da ba shi ya yi ba, bai kamata cikinsa ya biya ba.

Na biyar, a riƙe ma'aikatan da suka san wannan aiki a cikin gida, a biya su yadda za su zauna. Muna yaye yara daga Kaduna Polytechnic da KASU da ABU, ga kuma waɗanda suka bi shirin 3MTT. Ofishin da ba shi da ko mutum ɗaya da zai iya karanta abin da ɗan kwangila ya kawo, duk abin da aka ba shi sai ya sa hannu.

Ku kuma ƙannena masu koyon rubuta manhaja, shawara ce. Kowa yana son ya ƙera sabuwar manhaja mai kyan fuska da zai nuna a waya. Amma aikin da ƙasar nan ta fi buƙata yanzu shi ne na haɗa wadda ake da ita da 'yar uwarta. Ku koyi yadda Python ke kiran C, ku koyi rubuta bayanin ƙofa da fitar da lamba daga gare shi, ku san abin da ke faruwa da ƙ da ɗ idan suka ratsa tsohuwar manhaja. Ba aikin da ake tafa wa ba ne, amma ranar da ya yi kyau, wata gwauruwa a Narayi za ta ga haƙƙin mijinta ya shigo ba tare da ta ƙetare gada sau bakwai ba.

Mu kuma da ke bayan tebur, kafin a kai ga gyaran, akwai abin da ke hannunmu. Idan allo ya ce bai dace ba, mu gaya wa mutum takamaimai wane gurbi ne, me aka rubuta a nan, me aka rubuta a can, wane ofis ne zai gyara, mu rubuta masa a takarda. Kar mu ce masa netwok. Gobe mu ne a wancan gefen teburin da fayil a leda.

Allah ya ba shugabanninmu ikon gyarawa, ya sa mu gama da aiki lafiya.